Darasi na Tara: Illolin Hana Ido Barci na Kwanaki

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana abin da ke kawo barci, ya faɗi sauye-sauyen da ke samun mutumin da ya ƙi runtsawa kwana ɗaya ko biyu ko uku, ya kuma san matakan da ya kamata mai aikin dare ya ɗauka don kare kansa da jama'a.

Kwana goma sha ɗaya ido biyu

Ranar 28 ga Disamba, 1963, wani ɗalibin sakandare mai shekara 17 a birnin San Diego na jihar Kalifoniya, a Amurka, ya tashi daga barci da niyyar ba zai sake runtsawa ba sai ya ga iyakar abin da jiki zai iya ɗauka. Sunansa Randy Gardner. Shi da abokinsa Bruce McAllister ne suka shirya abin don kaiwa gasar kimiyya ta makarantu. Suka jefa kwabo, ƙuri'a ta faɗa kan Randy. Ba a je ko'ina ba barci ya fara kayar da Bruce, mai gadin nasa, dole suka jawo wani abokinsu, Joe Marciano, aka riƙa karɓa-karɓa. Da labari ya fita a jarida, Dokta William Dement na Jami'ar Stanford, ɗaya daga cikin magabatan masu binciken barci, ya taho ya zauna da su a kwanakin ƙarshe. Wani likitan sojan ruwa, John Ross, shi ma ya riƙa duba yaron yana rubuta abin da ya gani.

A kwana na biyu idon Randy ya fara kasa tsayawa a kan abu guda, kuma idan aka sa masa wani abu a hannu ya shafa, sai ya sha wahala kafin ya gane mene ne. A na uku ya zama mai saurin fushi, harshensa ya fara sarƙewa. A na huɗu ya ga allon gefen titi ya ɗauka mutum ne, ya kuma shiga cewa shi wani shahararren ɗan wasan ƙwallo ne na garin. Da rana yakan ɗan warware, ya buga ƙwallon kwando, ya yi raha. Dare kuwa yaƙi ne, don da zarar ya zauna sai ido ya rufe, sai an tashe shi tsaye an fita da shi yawo.

A kwana na goma sha ɗaya likita ya ba shi lissafi mai sauƙi: ya fara daga 100, ya riƙa cire bakwai-bakwai. Ya yi ta saukowa har ya iso 65, sai ya yi shiru. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya manta abin da yake yi. Ranar 8 ga Janairu, 1964, bayan awa 264, aka kai shi asibitin sojan ruwa, ya kwanta ya yi barcin awa 14 da minti 40. Cikin 'yan kwanaki ya koma makaranta. Sai dai a shekarar 2017, yana dattijo, ya shaida wa wani gidan rediyo cewa ya shafe shekaru yana fama da rashin barci mai tsanani, kuma a ganinsa sakayyar abin da ya yi wa jikinsa a ƙuruciya ce.

Kafin Randy an yi Peter Tripp, mai gabatar da shirin kiɗa a wani gidan rediyo na birnin New York. A watan Janairu na 1959 ya zauna cikin wata rumfar gilashi a dandalin Times Square, ya yi awa 201 bai yi barci ba, don tara kuɗi ga ƙungiyar agaji ta March of Dimes. Tasa ruɗewar ta fi muni. Ya riƙa ganin yanar gizo-gizo a cikin takalmansa, ya ga wuta na ci a aljihun tebur, ya ga rigar wani likita ta zama tsutsotsi. Da wani likitan ya zo duba shi sanye da baƙar kwat, sai ya ɗauka mai binne gawa ne ya zo ɗaukarsa, ya zabura ya ruga. A kwanakin ƙarshe da ƙwayar ƙara kuzari aka riƙa riƙe shi.

Kundin bajinta na Guinness ya daɗe yana rubuta irin waɗannan mutane. Na ƙarshe da ya amince da shi shi ne Robert McDonald, wanda ya yi awa 453 da minti 40 a 1986. A 1997 kundin ya rufe wannan babi gaba ɗaya saboda haɗarinsa ga lafiya.

Abin da ke kawo barci

Abu biyu ne ke juya barcin ɗan Adam. Na farko wani sinadari ne mai suna adenosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka. Gwargwadon daɗewar mutum ido biyu, gwargwadon yawansa, kuma shi ne nauyin da ake ji a ido da ka. Barci ne ke rage shi.

Na biyu agogon jiki ne, wani ɗan ƙaramin gungun ƙwayoyin halitta a cikin ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙon haske daga ido. Idan duhu ya shiga, agogon yakan sa jiki ya saki sinadarin melatonin, zafin jiki ya ɗan sauka, gaɓoɓi su yi sanyi. Idan gari ya waye, ya tashi jiki. Kuzarin mutum ya fi yin ƙasa daga wajen ƙarfe biyu na dare zuwa asuba, sannan ya sake ɗan sauka bayan azahar, lokacin da aka saba yin ƙailula.

A nan ne yaudarar take. Wanda ya kwana zaune yakan ji jikinsa ya warware da hantsi, ya ce ai barcin ya wuce. Agogon jiki ne ya ɗaga shi saboda hasken rana, amma adenosin yana nan jibge, yana ma ƙaruwa. Shi ya sa dare na biyu yake fin na farko tsanani nesa ba kusa ba. Da ma Hausawa sun ce ba a cin bashin barci.

Daga awa 17 zuwa kwana uku

A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutum 40 ta hanya biyu: sau ɗaya aka hana su barci, sau ɗaya aka ba su barasa, ana auna saurin hannu da idonsu. Suka gano cewa awa 17 ido biyu na rage ƙwazon mutum daidai da wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wato iyakar da dokar tuƙi ta ƙasashe da dama ta gindaya. A awa 24 abin yakan kai kashi 0.10, ninki biyu ke nan. Mutumin da ya tashi sallar asuba ƙarfe biyar, ya wuni yana aiki, idan ya kama sitiyari ƙarfe goma na dare ya riga ya cika awa 17. Ko bai taɓa kai giya bakinsa ba, tuƙinsa ya fara kama da na mashayi.

Bayan dare guda, abin da ke fara lalacewa shi ne natsuwa a kan aiki mai maimaituwa, irin su kallon titi, gadin ƙofa, lura da inji ko ƙirga kuɗi. Hali ma yakan canza. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi kusan awa 35 ba barci, suna nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Sashen da ke kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin 100, kuma alaƙarsa da sashen gaba, mai taka masa birki, ta yi rauni. Wannan ne ya sa maigidan da ya kwana aiki yake hawa kan iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ɗalibi mai kwana karatu daren jarrabawa shi ma asara yake yi ta fuska biyu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta kama sabon karatu da kyau.

A kwana na biyu hannu yakan fara rawa, magana ta riƙa yankewa a tsakiya, mutum ya riƙa jin sanyi, abin da yake kallo ya riƙa motsi ko ya rabu biyu. Daga kwana na uku ake shiga gane-gane da jiye-jiye da zargin mutane ba dalili, kamar yadda ya faru da Tripp. Galibi waɗannan alamu sukan gushe idan mutum ya samu isasshen barci.

Mafi haɗari duka shi ne ɗan gajeren barcin da ƙwaƙwalwa ke sacewa da ƙarfi, na daƙiƙa biyu, ko biyar, ko goma. Wani lokaci ido a buɗe yake, kuma mai shi ba ya sanin ya yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya isa ta shafe sama da mita 110, fiye da tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari. Shi ya sa haɗarin barci yake yawan zama mummuna, don direban bai ma taka birki ba.

Akwai kuma darasin da ya fi kowanne muhimmanci: marar barci ba ya iya auna kansa. A wani bincike na Jami'ar Pennsylvania da aka buga a 2003, Hans Van Dongen da David Dinges sun taƙaita wa wasu mutane barci zuwa awa shida kowane dare har kwana 14. Ƙwazonsu ya yi ta raguwa kullum, har ya zama kamar na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba sam. Amma da ake tambayarsu, cewa suke yi ɗan barci-barci kawai suke ji, sun saba. Don haka idan direba ya ce, "Haba, ni na san kaina, garau nake," sashen da zai gaya masa gaskiya ne ya riga ya gaji.

Abin da ke samun sauran jiki

A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago, ƙarƙashin Eve Van Cauter, sun bar samari 11 masu ƙoshin lafiya da barcin awa huɗu kacal har dare shida. Cikin wannan ɗan lokaci jikinsu ya rage iya sarrafa sukari, ya fara kama da na waɗanda ke kan hanyar kamuwa da ciwon sukari. Rashin barci yana kuma ƙara yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi, yana ɗaga hawan jini, yana raunana garkuwar jiki. A wani gwaji na Amurka da aka buga a 2015, an ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda ke barcin ƙasa da awa shida sun ninka masu barcin sama da awa bakwai sau huɗu wajen kamuwa.

Ga wasu mutane dare ɗaya ma ya isa ya jawo masifa. Rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Yana kuma iya tayar da ciwon ga masu larurar ƙwaƙwalwa, musamman irin wadda mai ita ke shiga zumuɗi mai yawa a wani lokaci, ya faɗa baƙin ciki a wani.

Shin rashin barci na kisa? A dabbobi amsar a fili take. Tun a 1894 wata likita 'yar Rasha, Maria Manaseina, ta hana 'yan kwikwiyo barci, suka mutu cikin kwana huɗu zuwa shida. A shekarun 1980 Allan Rechtschaffen na Jami'ar Chicago ya yi irin wannan gwaji da ɓeraye. Suna ci fiye da kima amma suna ramewa, gyambo ya fito musu a ƙafa da wutsiya, zafin jikinsu ya sauka, duk suka mutu ko suka kai gargara tsakanin kwana 11 da 32. A ɗan Adam akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba, wadda Elio Lugaresi da abokan aikinsa na birnin Bologna a Italiya suka bayyana a 1986. Tana lalata wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai ita ya rasa barci gaba ɗaya, ya rasu cikin watanni ko 'yan shekaru. Wannan cuta daban take da rashin barcin da aka saba gani. Ga mai lafiya, ajalin da rashin barci ke jawowa ya fi zuwa ta kan titi, ko bakin inji, ko saman gini.

Azabar hana barci kuwa sananniya ce. A 1978 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci cewa hanyoyi biyar da jami'an Birtaniya suka bi wajen tatsar bayani daga fursunoni a Ireland ta Arewa, ciki har da hana barci, cin zarafi ne da rashin imani.

Goro, kofi da ƙwaya

Goro, shayi, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe wuraren da adenosin ke sauka a ƙwaƙwalwa, saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar ba ta je ko'ina ba. Kamar direba ne ya rufe agogon mai da tsumma don kada ya ga allura tana sauka. Jiki yakan ɗauki kusan awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha, shi ya sa goron la'asar ke iya hana barcin dare. Idan kuma ya saki mutum, adenosin ɗin da ya taru sai ya rufto gaba ɗaya.

Ƙwayoyi sun fi haka ɓarna. Tsakanin Afrilu da Yuli na 1940 an kai wa sojojin Jamus ƙwaya wajen miliyan 35 ta Pervitin da makamanciyarta, wato sinadarin metamfetamin, don su yi ta tafiya dare da rana. Sun yi tafiyar, amma daga baya soja yakan zube ya kasa moruwa har kwana ɗaya ko biyu, wasu suka kamu da ciwon zuciya, wasu abin ya zame musu jaraba. A 1941 hukumomin Jamus suka sa ƙwayar cikin jerin miyagun ƙwayoyi masu tsauraran dokoki.

A ƙasar Hausa wasu direbobi, leburori da 'yan acaɓa suna shan tiramol don jure dogon aiki. Tiramol maganin ciwo ne mai sa jaraba, kuma yawan shansa na jawo farfaɗiya. Idan ya haɗu da rashin barci, abubuwa biyu masu tayar da farfaɗiya ne suka taru a jiki ɗaya.

Masu neman shiga kundi

A watan Mayu na 2023 Hilda Baci ta yi girkin kwanaki a Legas, Guinness ya amince mata da awa 93 da minti 11. Daga nan gasa ta ɓarke a Najeriya da Gana, daga masu girki sai masu waƙa, har Akara da Tamale. Abin da yawancin 'yan kallo ba su lura da shi ba shi ne dokar Guinness ta ba mai irin wannan gasa hutun minti biyar a kan kowace awa, kuma yana iya tara mintocin ya kwanta. Matashin da ya rufe kansa a ɗaki da waya da lemon kuzari don ya burge abokai ba shi da wannan hutu, ba shi da mai duba lafiyarsa.

Idan dole ta sa

Baligi na bukatar barcin awa bakwai ko fiye a kowane dare, matashi kuma takwas zuwa goma. Amma maigadi, ma'aikaciyar jinya, mai gidan burodi, direban da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano da mai jinyar marar lafiya ba su da zaɓi a wasu darare. Ga abin da ke rage musu haɗari.

Wanda ya san zai kwana aiki ya yi barci da rana kafin ya fita. A cikin dare, idan da hali, ya ɗan kishingiɗa na minti 15 zuwa 20, kuma in ya farka ya jira 'yan mintoci kansa ya washe kafin ya taɓa mota ko inji. Shayi ko goro a farkon dare ya fi amfani, don na kusa da asuba zai hana shi barcin safe. Idan ya koma gida, a duhunta masa ɗaki, a kashe waya, a hana yara hayaniya. Dare ɗaya na barci ba ya mayar da mutum daidai bayan kwanaki ido biyu, sai an jera darare.

Direba ya san alamomin: yawan hamma, nauyin ido, sunkuyar da kai, mota na barin hannunta, ko ya tarar ya wuce wani gari bai tuna lokacin da ya ratsa shi ba. Buɗe gilashi, ƙure rediyo da wanke fuska ba sa wuce 'yan mintoci. Maganin shi ne a samu wuri mai aminci a tsaya a kwanta. A Tarayyar Turai doka ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida kada ya wuce awa tara a rana. Fasinja ma yana da haƙƙin magana idan ya ga kan direba na lilo.

Ko a ibada an yi la'akari da wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, domin mai gyangyaɗi ba ya sanin abin da yake faɗa.

A garzaya asibiti idan marar barci ya fara gane-gane, ko ya faɗi yana shure-shure, ko yana jin ciwon ƙirji. Haka nan idan mutum ya kwana biyu ko uku bai yi barci ba kuma ba ya jin gajiya, sai surutu da zumuɗi da kashe kuɗi barkatai. Wanda yake so ya yi barci amma ya gagara, dare uku a mako har wata uku, shi ma likita zai gani, kada ya sayi maganin barci a kemis da kansa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke juya barcin ɗan Adam, kuma me ya sa wanda ya kwana zaune yake jin ya warware da hantsi?
2. Mutumin da ya tashi ƙarfe huɗu da rabi na asuba, da ƙarfe nawa zai cika awa 17 ido biyu?
3. Mota na gudun kilomita 100 a awa. Mita nawa za ta ci idan direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa uku?
4. Me binciken Jami'ar Pennsylvania ya nuna game da mai cewa ya saba da ƙarancin barci?
5. A kawo alamomi uku da ke nuna lallai a kai marar barci asibiti.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa har kwana bakwai, tare da lokacin da ya ci goro ko ya sha shayi na ƙarshe a kowace rana. A zo da takardar a darasi na gaba, a lissafa matsakaicin awoyin barcin kowa a aji. Wanda nasa bai kai awa bakwai ba ya zo da shawarar abu ɗaya da zai canza a gidansa ko a wurin aikinsa.